Littafin Masu Lalata Da Yara A Gundumomin Ƙauyen Amurka

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da magana mai nauyi wadda na daɗe ina juyawa a zuci, kunya tana hana ni faɗi. Amma abin da ya shafi 'ya'yanmu bai kamata kunya ta rufe wa mutum baki a kansa ba.

Mafarin zancen wata gardama ce da muka yi da wani abokina malamin makaranta. Muna zaune da maraice muna taɗi, sai magana ta kai mu ga littafin nan na sunayen waɗanda kotu ta kama da laifin fyaɗe, wanda hukumar NAPTIP ta buɗe a Nijeriya cikin watan Nuwamba 2019, bisa dokar hana cin zarafin mutane ta 2015. Malam ya ce shi a ganinsa magani ya samu. In za ka ɗauki mai gadi, ko direba, ko malamin da zai koya wa yaranka karatu, sai ka duba littafi. In ba ka ga sunansa ba, ka miƙe ƙafa ka yi barcinka. Na ce masa, "Malam, kai alli ka sani, ni kuwa rajista na sani. Shekara goma sha biyu ke nan ina cin tuwo da ita, ban taɓa ganin littafin da ya san abin da ba a rubuta a cikinsa ba." Muka rabu ba wanda ya sallama wa wani.

To, ba mu muka fara wannan abu ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta soma rubuta irin waɗannan mutane tun 1947, yau kuwa babu jiha a ƙasar da ba ta da littafinta. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, saboda haka ya kamata mu duba abin da ya same su. Ba kuwa manyan biranensu na ke so mu duba ba, sai ƙauyukansu, inda ma'aikata kaɗan ne, ƙasa da faɗi, kowa kuma ya san kowa.

Jihohin Amurka 50 ne, an rarraba su gunduma gunduma, jimlarsu ta haura 3,000. Waɗansu miliyoyin mutane ke cikinsu, waɗansu kuwa ba su kai unguwa guda ba: gundumar Loving a jihar Teksas mutum 64 aka ƙirga a cikinta a ƙidayar 2020. A garin da ke kan gunduma akwai ginin kotu, can a ke ajiye takardun shari'a a hannun akawun kotu. Akwai kuma shugaban 'yan dokan gunduma, su na kiransa sherif, galibi jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a. A jihohi da yawa, mutumin ƙauye da doka ta ce a rubuta, ofishin sherif ya ke zuwa ya ba da sunansa. Ku riƙe waɗannan mutum biyu, sherif da akawun kotu, don littattafansu dabam dabam ne, kuma a nan mai bincike ya kan ruɗe.

Dokokin nan duka daga hawayen iyaye suka fito, shi ya sa kowace ke ɗauke da sunan wanda aka rasa. Ran 22 ga Oktoba 1989, a wani ɗan gari mai suna St. Joseph cikin gundumar Stearns ta jihar Minesota, wani yaro ɗan shekara 11, Jacob Wetterling, yana komowa daga kanti da dare bisa keke, tare da ƙanensa da abokinsa. Wani mutum mai bindiga, ya rufe fuska, ya tare su, ya kori biyu, ya tafi da Jacob. A 1994 Majalisar ƙasar ta kafa doka da sunansa, ta ce kowace jiha ta ajiye littafi. Asalin nufin dokar shi ne 'yan sanda su san inda za su fara nema in yaro ya ɓace. A shekarar nan kuma, cikin watan Yuli, aka kashe wata yarinya 'yar shekara 7, Megan Kanka, a jihar Niyu Jazi. Wanda ya kashe ta maƙwabcinsu ne na tsallaken titi, an riga an hukunta shi sau biyu a kan irin wannan laifi, iyayenta ba su sani ba. Daga nan aka ce littafi ya daina kwana a aljihun tebur, a bayyana shi ga jama'a, Shugaba Clinton ya sa hannu a 1996. Har ila yau a 2003 aka sace wata ɗaliba 'yar shekara 22, Dru Sjodin, a jihar Dakota ta Arewa. Mai laifin sunansa na rubuce, amma a littafin Minesota, jihar da ke maƙwabtaka da su. Wannan ya sa aka kafa wuri guda a intanet, 2005, inda mutum zai tambayi littattafan jihohi duka a lokaci ɗaya, aka sa masa sunanta a 2006.

A 2006 ɗin ne kuma Shugaba Bush ya sa hannu a dokar Adam Walsh, wadda ta kasa masu laifi aji uku. Na aji ɗaya shekara 15 za su yi cikin littafi, su bayyana da kansu sau ɗaya a shekara. Na aji biyu shekara 25, su bayyana kowane wata shida. Na aji uku har mutuwa, su bayyana kowane wata uku. A kan ɗauki suna da laƙabi, da gida, da wurin aiki ko makaranta, da lambar mota, da hoto, da tambarin yatsu, da samfurin ƙwayar halitta da a ke kira DNA. In mutum ya sake gida ko aiki, kwanan aiki uku aka ba shi ya zo ya faɗa. Wanda ya ƙetare jiha ya ƙi yin rajista yana iya shan ɗaurin shekara 10. Jihar da ta ƙi bin tsarin a kan yanke mata kashi 10 cikin 100 na wani tallafin kuɗi da a ke ba ta don aikin 'yan sanda, amma duk da haka jihohi da yawa sun gwammace a yanke, su ci gaba da nasu tsari. Ashe ka ga ba littafi guda ba ne, kowace jiha da nata alƙalami.

Yanzu a ce wata mace ce a gona, mil ashirin daga garin gunduma, tana neman wanda zai riƙa kai 'ya'yanta makaranta. Ta buga sunan mutumin a wurin binciken nan na ƙasa duka, ba a sami kome ba. Me ta sani ke nan? Wurin nan ba shi da littafi na kansa, ɗan aike ne kawai, yana tambayar jihohi ya kawo abin da suka ba shi. Jihohi kuwa ba duk abin da ke hannunsu su ke nunawa ba. A Minesota, alal misali, galibi waɗanda aka auna aka ce su ne mafi hatsari su a ke bayyana wa kowa. Na ƙasa da su 'yan sanda ne suka san da su, wani lokaci a sanar da makarantu. Kamun da bai kai ga hukunci ba kuwa doka ta hana a sa shi a abin da jama'a ke gani. Sa'an nan ga wata ƙofa wadda mu ba mu saba da ita ba: a Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce hukunce ba da doguwar shari'a a ke yinsu ba, daidaitawa a ke yi, wanda a ke ƙara ya amsa laifi, lauyan gwamnati ya sassauta masa. Ta haka mutum ya kan shiga kotu da ƙarar lalata da yaro, ya fito da laifin duka kurum, wanda bai wajabta rajista ba.

Wanda ya ke son ganin wannan, sai ya tashi ya tafi wurin akawun kotu. Shari'ar manya galibi a buɗe ta ke, kowa na iya neman fayil ya karanta abin da aka fara ƙara a kai da abin da aka ƙare a kai, ya biya 'yan kuɗi a ba shi kwafi. Shari'ar yara da wadda alƙali ya rufe ba a bayarwa. A gundumomin ƙauye da yawa tsofaffin shari'u na nan a takarda, sai an sauka ɗakin ajiya an kaɗe ƙura. Kuma kowace kotu nata ta sani. In mutumin ya zauna a gunduma huɗu, ƙofa huɗu za ka ƙwanƙwasa, kotunan tarayya kuma nasu ma'ajin dabam, a kan biya senti 10 a kowane shafi. Akwai kamfanoni da ke sayen takardun nan su tara su sayar, amma abin da suka saya bara shi su ke sayarwa bana, ko da alƙali ya soke hukuncin a tsakani. Saboda irin wannan ne wata doka da aka kafa 1970, aka yi ta gyara ta, ta ce mai ɗaukar ma'aikaci ba zai sayi labarin mutum daga gare su ba sai da yardarsa a rubuce, kuma a ba shi dama ya ƙaryata abin da ba daidai ba.

Amma babban abin da na so Malam ya ji shi ne wannan. Ofishin lissafi na Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ya fitar da wani ƙirge a shekarar 2000, daga rahoton 'yan sanda. Cikin masu yi wa yara lalata, kashi 34 cikin 100 dangi ne, kashi 59 sanannu ne, baƙo da yaro bai sani ba kashi 7 kaɗai. Da ɗan gari a kan ci gari. Ofishin nan kuma ya bi sawun irin waɗannan fursunoni 9,691 da aka saki a jihohi 15 a 1994, ya tarar kashi 5.3 cikin 100 aka sāke kamawa da irin laifin cikin shekara uku. Da aka bi waɗanda aka saki 2005 har shekara tara, aka sami kashi 7.7. Kada wani ya ce na wanke su, gama kamu a ke ƙirgawa, yaran da suka haɗiye abin suka yi shiru ba sa cikin lissafi. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, mutumin da zai cuci yaro gobe, mafi yawan lokaci ba ya cikin littafin yau.

Mu koma gundumar Stearns, don ƙarshen labarin Jacob ya fi duk wani lissafi bayyana wannan. Shekara 27 iyayensa suka yi ba su san inda ya ke ba. Sai a watan Satumba 2016 wani mutum mai suna Danny Heinrich ya amsa a gaban kotu shi ya sace shi ya kashe shi, bayan ya nuna inda ya binne shi, a wani makiyayi kusa da garin Paynesville, cikin gundumar nan dai. Kafin 1989 ba a taɓa hukunta shi a kan lalata ba, saboda haka ko da akwai littafi a lokacin, da ba a ga sunansa ciki ba. Amma ba wai babu takarda ba. Tsakanin 1986 da 1988 yara maza da dama a Paynesville, garin da Heinrich ya ke zaune, sun kai ƙara wani mutum yana tare su da dare, ba a taɓa hukunta kowa a kai ba. Cikin Janairu 1989 aka sace wani yaro a garin Cold Spring, aka yi masa lalata, aka sake shi, ya ba da siffar mutumin. An yi wa Heinrich tambayoyi tun farkon bincike, aka sallame shi. Sai a 2015 gwajin DNA a rigar yaron nan na Cold Spring ya nuna shi ne, a lokacin kuwa wa'adin yi masa ƙara a kan wannan laifi ya riga ya wuce. A ƙarshe shekara 20 aka ɗaure shi saboda hotunan batsa na yara da aka samu a gidansa, bisa sharaɗin ya nuna gawar. A 2018 sherif na lokacin ya buɗe takardun binciken, shafi fiye da 40,000, ya faɗa da bakinsa an yi babban kuskure tun farko. Kai jama'a! Maganar yaran tana nan a rubuce duk shekarun nan, abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗora wannan shafi bisa wancan ya karanta. A cikin wannan tsakani kuma aka ambaci wani malamin makaranta da ke zaune kusa da inda aka yi satar, aka tona gonarsu a 2010 a idon duniya, ya yi shekaru mutane suna nuna shi da baki, alhali ba ya da laifin kome.

Wannan ya kawo ni ga ɗaya gefen, watau wanda sunansa ya ke ciki. Ni kaina na taɓa yin abin kunya a wani ofis da na yi aiki: mutum biyu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, na ɗora bashin wannan a kan wancan. Wata uku bawan Allah yana zarya kafin a gane, kuma duk wanda ya gaya wa sai ya ce masa, "Ai ga shi a rubuce." Bashi ne wannan, an biya shi an ba shi haƙuri. Ina ga a ce littafin fyaɗe ne, a garin da ba shi da mutum dubu? Shi ya sa mai bincike na kirki ba ya tsayawa ga suna, sai ya gwada ranar haihuwa da hoto da lambar shari'a.

Ko da sunan daidai ne, layi guda ba ya ɗaukar labari duka. Ran 16 ga Afrilu 2006 wani saurayi ɗan shekara 20 daga Kanada ya kwashi sunaye da adireshi daga littafin jihar Mein, ya bi mutum biyu har gidajensu a ƙauyukan Milo da Corinth ya harbe su, sa'an nan ya kashe kansa cikin motar haya a Boston. Ɗaya daga cikinsu ɗan shekara 24 ne. Laifinsa, yana da shekara 19 ya kwana da budurwarsa wadda saura kaɗan ta cika 16, aka ɗaure shi wata huɗu. Laifi ne bisa dokarsu, ya kuwa sha hukuncinsa, amma littafi ya jera shi da tawada ɗaya da masu yi wa ƙananan yara fyaɗe. Kowane littafi yana ɗauke da gargaɗi cewa tsangwamar waɗanda ke ciki laifi ne. Gargaɗin bai tare harsashi ba. Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a daga Alaska a 2003, alƙalai 6 cikin 9 suka ce rajista ba horo ba ce, tsari ne na kiyaye jama'a, saboda haka a na iya ɗora ta ga wanda ya yi laifinsa tun kafin a kafa dokar. Amma a 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba abin da jihar Mishigan ta yi ta ƙarawa a kan tata dokar, ta ce wannan kam ya zama horo. Mahaifiyar Jacob ma, Patty Wetterling, wadda ta yi wahalar kafa doka ta farko, daga baya ta fito fili ta ce an wuce inda aka nufa.

Jihar Ayowa kuma ta koya wa gundumomin ƙauye wani darasi. A 2002 ta hana waɗanda suka yi wa yara laifi zama kusa da makaranta ko gidan renon yara da ƙafa 2,000, watau yadi 666 da 'yan kai, aka soma aiki da dokar sosai a 2005. Da aka auna taswira sai aka ga a cikin gari kusan babu inda ya rage. Mutanen suka watsu bayan gari, waɗansu a ƙananan masaukai na bakin hanya, waɗansu a tashar manyan motoci, waɗansu cikin motocinsu, nauyinsu ya koma kan sherif na ƙauye mai 'yan doka ƙalilan. Waɗansu kuwa suka daina zuwa rajista ɗungum, yawan waɗanda ba a san inda su ke ba ya ƙaru. Garin gyaran gira aka tsone ido. Lauyoyin gwamnati na gundumomi, su da aikinsu ɗaure masu laifi ne, su suka nemi a sake dokar a 2006, Majalisar jihar ta rage ta a 2009. Adireshin da ke cikin littafi, in ka bi asalinsa, bakin mai laifi ne ya ba da shi. Ba ya zama gaskiya sai ɗan doka ya hau mota ya je ya ga mutumin a ƙofar gidan, in gidan na mil arba'in kuwa, ka san ba kowane mako za a je ba.

Da na karanta wa Malam abin da na rubuta har zuwa nan, sai ya ce, "To, Akawu, a ƙone littafin ke nan?" Na ce a'a, ko kusa. Iyayen Megan da sun san wanda ke tsallaken titinsu, da ba su bar ta ta matsa kusa da gidan ba, kuma shugaban makarantar da ya ɗauki mutum bai duba ba, ya yi sakaci. Abin da na ke roƙon masu riƙe da namu littafi shi ne abin da kowane akawu zai roƙa: a rubuta kusa da kowane suna ranar da aka je aka tabbatar da inda ya ke; a faɗi laifin da kotun da ta yanke shi, don mai bincike ya iya bin sawu; a buɗe ƙofar da wanda aka rubuta bisa kuskure zai bi a goge shi; kuma ƙarar da yaro ya kawo a ƙauye kada ta kwana a aljihun tebur, a aika da ita inda za a gama ta da 'yan'uwanta. Na ce masa shi kuma, ran da zai ɗauki malami, bayan ya duba littafi ya aika a tambayo makarantar da mutumin ya bari dalilin barinsa, kada kuma ya yarda babba ya kulle ƙofar aji da yaro guda.

Malam ya ce bai gamsu duka ba, musamman a kan maganar ajin masu laifi, zai rubuto tasa amsa da hannunsa. In ta iso, Edita, ina roƙo ka ba shi fili kamar yadda ka ba ni.

Ni ne naka,
Akawu.